Shekarar da Gyaɗa Ta Tsira a Sito

Bana ruwa ya ƙi ɗaukewa. An cire gyaɗa an kife ta a gonaki tana jiran rana, amma kullum da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kamar muna tsakiyar marka. Duk wanda ya bi hanyar Tudun Kaya, warin harawar da ta jiƙe ta fara ruɓewa ne zai fara tarbarsa. Yaran yanzu ba su san warin nan ba, toshe hanci kawai suke yi su wuce. Ni na san shi.

A cikin wannan ruwan ne iska ta yaye rufin siton 'yata Rabi da ke Unguwar Hajji. Rabi ita ce ta uku a 'ya'yana, kuma ita ta riƙe sana'ar man gyaɗa da ta taso ta ga ina yi, sai dai ba irin tamu ta turmi da muciya ba. Inji gare ta, da farantan sola a kan rufi, da mata da suke zuwa mata aiki. Iskar ta kwashe kwanon da farantan gaba ɗaya ta watsar a gonar maƙwabta, ruwa ya sauka a kan buhuna da kan injin ya yi yadda ya ga dama.

Da labari ya iso ni na yafa mayafi na hau babur, ina tafe ina shirya abin da zan faɗa mata na ban haƙuri. Na same ta a tsaye cikin taɓo, ta tattare zane, tana ɗaukar hoton ɓarnar da wayarta. Ko hawaye babu. Na sunkuya zan ja wani buhu daga cikin ruwa, sai ta riƙe hannuna.

"Inna, bari in ɗauki wannan tukuna. Sai sun ga yadda abin yake."

Na ce su wa? Ta ce mutanen inshora.

Ashe tun bara ta shiga. Bayan an kwashe abin da zai kwasu, muka zauna a ɗakinta ta yi min bayani. Irin ta Musulunci ce, wadda ake kira takaful. 'Yan kasuwa da yawa, na nan da na garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, kowa yana zuba wani abu duk shekara a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna. Wanda gobara ko ruwa ko iska ko ɓarayi suka taɓa, sai a ɗiba a tashe shi. Ta ce abin tsoro a sana'ar yanzu ya fi na da yawa: damina ta daina bin lokacinta, wuta tana iya tashi daga batir, motar da ta ɗauki mai zuwa Kano tana iya kifewa ko a tare ta a hanya, ga masu kiran waya da muryar ma'aikatan banki suna yashe wa mutum asusu yana zaune. Wasu daga ciki suna cikin yarjejeniyarta, wasu ba sa ciki. Faɗuwar farashi kuwa, ta ce, wannan tsakaninta da Allah ne.

Sun zo. Wani saurayi mai takalmin roba ya zagaya wurin, ya duba injin, ya cusa hannu cikin buhuna. An yi ja-in-ja a kan gyaɗar da ta tara a waje ƙarƙashin tamfol, suka ce wannan ba ta cikin sito, ba za su biya ta ba, kuma ba su biya ɗin ba. Makonni suka shuɗe Rabi tana buga waya tana faɗa, tana cewa mutanen nan saurin karɓa gare su, nawar bayarwa. Amma dai abin ya fito. Kafinta ya hau ya mayar da rufi, aka gyara inji, kafin a yanke dawa ƙararsa ta dawo unguwa, matan suka koma bakin aikinsu.

Kowa ya yi mata barka, ni ma na yi. Sannan na dawo gida na zauna, tuwon da aka ajiye min ya huce a gabana. Ba baƙin ciki nake wa 'yata ba, Allah shi ne shaida. Ubanta na tuna.

Shekara talatin da wani abu ke nan. Muna zaune a Tudun Kaya, ni da Malam, haka nake kiransa har ya bar duniya, da yaranmu. Manomi ne, amma mai ido a kasuwa. Da kaka zai shiga kasuwar Rogo da ƙauyukan da ke kewaye ya sayi gyaɗa, ya ajiye har bazara lokacin da take daraja. Ni kuma ina ɗiba daga ciki ina soyawa, a kai markaɗe, in tuƙa in fitar da mai, in murza ƙuli-ƙuli. Gidanmu kullum cikin ƙamshi yake, har kayan sawarmu ƙamshin gyaɗa suke yi. Ya gina sito a jikin gida, soro ne na ƙasa mai azara, ya yaɓe shi da makuba don kada ruwa ya ci shi, ya sa masa indararo. Idan baƙo ya zo sai ya zagaya da shi ya nuna masa, yana bubbuga katangar da tafin hannu.

A wannan shekarar ya yi niyyar ya faɗaɗa. Ya sayar da shanun huɗarsa da niyyar in bazara ta yi ya sayi waɗanda suka fi su. Ya nemi shawarata a kan tumakina, na ce ya ɗauka. Duk abin da muka tara tun aurenmu zai koma buhu, ya shiga ɗaki ɗaya.

Wannan ɗaki ɗayan shi ne ya hana shi sukuni. Ba mutum ne mai ganganci ba. Ya taɓa ji a Kano cewa wani babban ɗan kasuwa sitonsa ya ƙone ƙurmus, wani kamfani ya biya shi ya sake tashi, saboda tun farko yana ba su wani abu duk shekara. Mu a nan abin da muka sani da inshora shi ne takardar da direba ke miƙa wa ɗan sanda a hanya. Malam ya ce zai je ya gani da idonsa. Na wanke masa babbar rigarsa ta Sallah, na kai aka buga, ya sa hula ya tafi da sassafe.

Da magariba ya dawo. Na kai masa ruwa, ya sha. Ya ce ofishin a saman bene yake, kuma ba su wulaƙanta shi ba, har kujera suka ba shi da ruwan sanyi. Mutumin da ya samu a ofishin ya tambaye shi ko yana da ajiya a banki, ko yana rubuta cinikinsa da boko, ko akwai maigadi. Malam ya ce duk zai iya nema. Sai mutumin ya tambayi da me aka gina siton.

"Na ce masa da ƙasa. Ya ajiye alƙalaminsa, ya ce in yi haƙuri, ba sa karɓar ginin ƙasa."

Na ce to ai duk garin nan ginin ƙasa ne. Ya ce shi ma abin da ya faɗa masa ke nan, mutumin ya yi murmushi ya raka shi har bakin matakala.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Malam ya ba abokinsa Tanko labari, wani dillalin gyaɗa da suke zama inuwa ɗaya a kasuwa. Tanko ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya riƙe magana, kuma yana son ya ga ana dariya. Kafin a yi kasuwa biyu labari ya gama gari, wai Malam ya sa babbar riga ya tafi Kano sayen maganin ƙaddara, an ce masa ya ƙare. Har matan da ke zuwa awon mai suna tambayata, suna rufe baki da gefen mayafi. Wani tsohon malamin tsangaya da ke kusa da mu ne kaɗai ya ce neman tsari ba rashin tawakkali ba ne, shi dai shakkarsa a kan yadda kamfanonin ke juya kuɗin ne. Ba wanda ya riƙe maganarsa, ta Tanko ta fi daɗin maimaitawa.

Aka fara cire gyaɗa, Malam ya shiga saye. Ta farko ta samu rana, ta bushe sarai, ita ya cika siton da ita har kusa da azara. Sai ruwa ya dawo.

Da farko murna aka yi, ana cewa dawa za ta ƙara ƙwari. Amma aka wayi gari da ruwa, aka wuni da shi, gobe ma haka. Ba irin mai tsawa da walƙiya ba ne da zai zuba ya wuce, irin mai naci ne, yayyafi ya koma ruwa, ruwa ya koma yayyafi. Itace ya ƙi kamawa, sai hayaƙi, idanuna kullum jajir. Tabarmi suka yi fumfuna, gishiri ya narke a kwano, kayan yara suka ƙi bushewa har suka fara tsami. Katangun gari suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kana zaune sai ka ji tim daga wata unguwa, a yi salati, a ce ta gidan wane ce. Malam kullum yana saman soro da kwandon ƙasa yana toshe inda ya tsage, ya sauko jikinsa na rawar sanyi.

Wata la'asar ina durƙushe ina hura wuta, ɗan jaririna Sani yana goye a bayana, na ji wata ƙara kamar an karya babban reshe. Azara ce. Rufin siton ya zauna a kan buhuna, katangar gabas ta biyo shi, duk ruwan da ya taru a saman soron ya kwarara ciki da jar ƙasa.

Gaskiya zan faɗa, mutane sun zo. Waɗanda suka yi dariyar nan su ne suka fara isowa, Tanko ma yana gaba, ya tuɓe riga yana tonon laka da hannu har farcensa ya fashe. Maza suna jan buhuna, mata muna zazzagewa muna bajewa. Muka cika zaure, muka cika ɗakuna har ƙarƙashin gado, maƙwabta suka buɗe nasu zaurukan, liman ya ba da rumfar masallaci. Rabi tana ƙarama a lokacin, ita da yayyenta suna ta juya gyaɗa da ƙafa, su a wurinsu wasa ne. Abu ɗaya muke nema, rana, ko ta wuni biyu ce. Ba ta fito ba.

Wanda bai taɓa cusa hannu cikin jiƙaƙƙiyar gyaɗa ba ba zai gane ba. Zafi take ɗauka kamar jikin mai zazzaɓi. Buhunan da ba mu samu wurin bajewa ba, muka wayi gari fararen tsiro sun huda su sun leƙo. Waɗanda muka baje kuma suka yi kore, daga kore suka yi baƙi. Duk da haka na ƙi yarda. Na zauna ina tsince masu ɗan dama-dama, na soya, na kai markaɗe, na tuƙa. Man ya fito da duhu, yana maƙaƙi a wuya. Ƙuli-ƙulin da na aika kasuwa aka dawo min da shi, wata mata ta aiko cewa ɗanta ya kwana amai. Na watsa wa kaji, kajin suka bi juna suka mutu. Daga nan Malam ya ce a kwashe duka a kai gona a zubar. Da jakin aro aka yi ta jigila, Malam yana biye da shi a ƙasa.

Ana cikin zaman jaje a ƙofar gida, ina daga bayan katanga na ji wani dattijo yana cewa ai dama tun da Malam ya tafi neman tsari wurin mutane, an san za a bar shi da mutanen. Wasu suka ce a'a, a daina faɗar haka. Amma an riga an faɗa, kuma Malam yana zaune a wurin.

A al'adarmu idan gobara ta cinye gida ɗaya, gari yakan tashe shi, wannan ya kawo dami, wannan ya kawo azara. Wannan karon ruwan kowa ya daka. Gyaɗar da ke gona ta tsira a inda aka kife ta, gero ya tsira a dami, dawa ta yi baƙi a kai. Waɗanda za su taimake mu su ma taimakon suke nema. An kawo mana abin da aka iya, mudu nan, rabin mudu can, kuma na san daga bakin 'ya'yansu suka cire. Shi ya sa da Rabi ta ce min masu zubin nan nata suna warwatse har garuruwan da ruwan bai je ba, na gane abin tun kafin ta rufe baki.

Yunwa ba ta shigowa gida rana ɗaya. Da farko ƙosan safe muka bari, aka koma koko zalla. Sai abincin rana ya zama ɗumamen jiya, sannan ya zama babu. Tuwon dare ya yi ta raguwa a tukunya, ina ƙara masa dusa, miya kuwa kuka ce da gishiri, ba mai, a gidan da a da ake zuwa awon mai da kwalba. Na sayar da kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya, ina fitar da su a ƙarƙashin mayafi don kada a gani.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Zafi irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, ganye ko motsi ba ya yi, rijiya ta ja baya sai an ƙara igiya, abin da guga zai fito da shi rabinsa laka. Muna sahur da gayan tuwo a dama da ruwa, mu sha ruwa da kunun tsamiya marar sukari, sai kwaɗon busasshiyar tafasa idan an samu. Malam ya ce in ajiye azumi tunda ina shayarwa, addini ya ba ni dama. Na ce masa to in na ajiye me zan ci? Bai sake maganar ba.

Nono ya ɗauke. Sani zai kama ya tsotsa ya saki ya yi kuka, daga baya kukan ma ya daina, sai dai ya bi ni da ido. Ina ɗura masa ruwan koko da cokali. Sai ƙyanda ta shigo unguwa. Yaran da ke da ɗan jiki ta kwantar da su suka tashi. Shi ba ta sha wahalarsa ba. Bai ga ƙaramar Sallah ba. Malam da kansa ya ɗauke shi a hannu, a naɗe cikin ɗan ƙyalle, ko makara ba a nema ba.

Ba zan ce faɗuwar sito ce ta kashe min ɗa ba, kwanansa ne ya ƙare. Haka na faɗa wa masu gaisuwa, haka nake faɗa har gobe. Amma na san abin da ke cikin tukunyata a watannin nan, kuma na san abin da zai kasance a cikinta da an tashe mu kamar yadda aka tashi Rabi.

Da ruwa ya sake sauka ba mu da shanu. Malam ya shiga gona da fartanya shi da manyan yaran, suka noma abin da suka iya, rabin gonar ya koma ciyawa. Abin da aka girbe bai kai mu rani ba. Na taɓa ce masa ko zai sake gwada saye, ko da buhu ɗaya ne, tunda ya san gyaɗa kuma manoma sun yarda da shi. Ya dube ni ya ce, "Da me?" Ban sake tambaya ba.

Wata safiyar kasuwar Rogo ya shigo ɗaki ya tsaya, ya ce ko ina da tsohon zanen da ba na so. Na ɗauko, na zaci wani abu zai ɗaure. Ya ce in naɗa masa gammo.

"Ki yi shi da kauri," in ji shi.

Na naɗa, na miƙa masa. Ya sa a aljihu don kada a gan shi da shi a hanya.

Dako ya koma yi, a kasuwar da a da in ya shigo manoma ke tasowa su tarbe shi. A ka da kafaɗa yake ɗaukar buhunan mutanen da suka koyi saye a wurinsa, har da na Tanko. Tanko yakan ƙara masa wani abu a kan ladansa, kuma wannan ƙarin ya fi komai ci masa rai, ranar da aka yi masa shi ba ya iya cin tuwo. Ni kuma na koma yi wa matan wasu tuƙin ƙuli-ƙuli, a sallame ni da yamma. A gindin waɗannan turamen na mutane Rabi ta koyi sana'a.

Mun rayu, ba mu yi roƙo ba, yara sun girma. Kangon siton ya daɗe a nan, awaki suna kwana a ciki, har damina ta gama cinye shi ya zama tudu. Malam bai ƙara zagayawa ta wannan gefen gidan ba, kuma bai ƙara furta kalmar inshora ba, ko da wasa. Ya yi dako har gashinsa ya yi fari, har ya kai ana zaɓar masa ƙananan buhuna. Bai ga injin Rabi ba.

Ranar da ya rasu, ƙaninsa Garba ne ya yi masa wanka. Da ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, hannun rigarsa a jiƙe, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar diddige. Ban taɓa sani ba."

Na ce masa ni na sani. Ni nake shafa masa mai a wurin duk ranar kasuwa, kuma man ma sayowa muke yi.